MADUBIN TABARAU: KWATANCIN KAYAN DA AKE YIN SA DA TSARE-TSAREN MADUBI MAI GANGARE



1.0 Gabatarwa

Akwai wani al'amari da yake samun kusan kowane mahaluki da zarar ya haura shekara 40. Tela zai ga zare ya fara ƙin shiga kafar allura. Mai karatu zai riƙa nisanta littafi daga fuskarsa har tsawon hannunsa ya ƙare. Wannan shi ne tsufan ido. Dalilinsa kuwa, a cikin ido akwai wani ɗan madubi na halitta mai taushi, wanda yakan kumbura idan an dubi abu na kusa, ya saki idan an dubi na nesa. Yaro ɗan shekara 10 yana iya ganin rubutu sarai a tazarar santimita 7 ko 8. A shekara 40 tazarar takan kai wajen santimita 22, a shekara 60 kuwa ta doshi mita guda, domin madubin ya riga ya taurare.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarar 2015 mutum wajen biliyan 1.8 ne suke da tsufan ido a duniya, kuma miliyan 826 daga cikinsu ba su da tabarau, ko kuma wanda suke da shi bai dace da su ba. Wani gwaji da aka yi a gonakin shayi na Asam ta ƙasar Indiya, aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa masu tsinkar ganyen shayi da aka ba tabarau sun ƙara yawan abin da suke tsinka da sama da kashi 20 cikin 100. Ashe ke nan maganar tabarau maganar abinci ce da riƙon sana'a.

Manufar wannan lacca ita ce a kwatanta abubuwa biyu waɗanda mai haɗa tabarau yake yanke hukunci a kansu kullum, watau kayan da ake yin madubi da su, da kuma tsare-tsaren madubin nan da ake kira mai gangare. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, duk wata fa'ida da madubi ya samu ta wani gefe, sai ya biya kuɗinta ta wani gefen. Saboda haka aikin gwani shi ne ya gane wace asara ce mai tabarau zai iya jurewa.

Kafin nan ya kamata a daidaita kalmomi. A bakin jama'a kalmar gilashi tana nufin tabarau ɗungurungum, tana nufin ɓangaren da ake gani ta cikinsa, tana kuma nufin abin nan mai fashewa da ake yin kwalba da shi. A wannan lacca, tabarau shi ne abin gaba ɗaya, firam shi ne abin da ke riƙe da shi, madubi shi ne ɓangaren da ake gani ta ciki, gilashi kuwa an keɓe shi ga abin mai fashewa. Ƙarfin madubi ana auna shi da diyofta.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tushen ilmin haske da gani yana komawa ga Ibnul Haisam, haifaffen Basra, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Shi ya kafa hujja ta gwaji cewa gani yana faruwa ne saboda haske ya shiga ido. Tabarau kansa ya bayyana a arewacin Italiya wajen ƙarshen ƙarni na 13, kuma daga lokacin har shekara ɗari shida da ɗoriya ba a san wani abin yin madubi da ya wuce gilashi da dutsen ƙarau ba. Sai a tsakiyar ƙarni na 20 roba ta shigo, zaɓi ya yi yawa, ruɗani ma ya yi yawa.

3.0 Ma'aunai Huɗu

Kowane abu da ake yin madubi da shi ana auna shi da ma'auni huɗu.

Na farko shi ne ƙarfin lanƙwasa haske. Ana rubuta shi da lamba kamar 1.50 ko 1.67. Gwargwadon hawan lambar, gwargwadon sirancewar madubin.

Na biyu shi ne lambar Abbe, wadda aka raɗa wa sunan Ernst Abbe, masanin Jamus da ya yi aiki da Carl Zeiss a garin Jena. Farin haske gamayyar launuka ne, kamar yadda bakan gizo yake nunawa, kuma kowane madubi yana lanƙwasa shuɗi fiye da yadda yake lanƙwasa ja. Idan lambar Abbe ta yi ƙasa, wanda ya kalli abu ta gefen madubi zai ga bakin abin ya yi zobe mai launi, rubutu kuma ya rage kaifi. A nan babbar lamba ita ce abin so.

Na uku shi ne nauyi, ana kwatanta shi da nauyin ruwa mai girma ɗaya.

Na huɗu shi ne juriya ga bugu. Tun 1972 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta cewa madubin da za a sayar a ƙasar ya iya jure faɗowar ƙwallon ƙarfe mai nauyin kimanin giram 16 daga tsayin santimita 127.

4.0 Kayan da Ake Yin Madubi da Su

4.1 Gilashi. Ƙarfin lanƙwasawarsa 1.523, lambar Abbe wajen 59, nauyinsa ya ninka na ruwa sau biyu da rabi. Wajen tsabtar gani da ƙin karcewa har yau da wuya a sami na gabansa, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce a wurin da ƙurar hunturu take sauka a kan komai, mutane kuma suna goge tabarau da bakin riga. Aibinsa biyu ne, nauyi da tarwatsewa. Bai dace da yaro ba, ko mai hawan babur, ko wanda ido ɗaya ya rage masa.

4.2 CR-39. Wannan roba ce da wani reshe na kamfanin PPG na Amurka ya samar a 1940. An fara amfani da ita wajen tankunan man jiragen yaƙi, sa'an nan kamfanin Armorlite ya soma yin madubin tabarau da ita a 1947. Ƙarfinta 1.498, lambar Abbe 58, nauyinta 1.32, watau kusan rabin na gilashi. Tana da araha, tana karɓar rini, ganinta kuma garau ne. Sai dai ta fi sauran kauri, kuma tana tsagewa idan aka huda ta.

4.3 Folikabonet. An gano shi a 1953 a Jamus da Amurka kusan lokaci guda, ya shiga sana'ar tabarau wajen ƙarshen shekarun 1970. Ƙarfinsa 1.586, nauyinsa 1.20. Wajen jure bugu ya yi wa gilashi da CR-39 fintinkau, kuma yana tare ɓangaren hasken rana mai cutar da ido ba tare da an yi masa wani shafe ba. To amma lambar Abbe tasa 30 ce kacal. Fuskarsa kuma tana da taushi, dole sai da shafen hana karcewa, kuma ruwan goge farce yana lalata shi.

4.4 Trivex. Kamfanin PPG ya fito da shi a 2001. Ƙarfinsa 1.53, lambar Abbe tsakanin 43 da 45, nauyinsa 1.11, shi ne mafi sauƙin nauyi a cikinsu duka. Yana jure bugu kusan kamar folikabonet, ya fi shi tsabtar gani, kuma yana jure huda, shi ya sa ya dace da firam marar zobe. Ya ɗan fi folikabonet kauri, ya kuma fi shi tsada.

4.5 Robobi masu sirantawa. Su ne masu lamba 1.60 da 1.67 da 1.74, kuma kamfanin Mitsui na Jafan yana cikin manyan masu yin sinadarinsu. Mai 1.60 lambar Abbe tasa wajen 41 ce, sauran biyun kuwa ba su wuce 31 zuwa 33 ba. Har ila yau, gwargwadon hawan lambar lanƙwasawa, gwargwadon yawan hasken da madubi yake mayarwa baya. CR-39 yana mayar da kimanin kashi 8 cikin 100, mai 1.74 kuwa kimanin kashi 14. Don haka shafen hana ƙyalli ya zama tilas a kansu. Shi kuma wannan shafe ba ya shiri da zafi. Idan aka bar tabarau a gaban mota cikin rana, ko kusa da murhu, robar takan buɗe fiye da shafen, sai shafen ya yi tsage-tsage kamar busasshen tabki.

5.0 Lissafin Kauri

Mafi yawan masu sayen madubi mai tsada saboda siranta suke saye. Ya kamata a ga abin da lissafi ya ce.

A ɗauki mutumin da ba ya ganin nesa, ƙarfin madubinsa diyofta 6, faɗin madubin milimita 50. Idan aka yi masa da CR-39 mai kaurin milimita 2 a tsakiya, bakin madubin zai kai wajen milimita 5.8. Idan aka yi da roba mai 1.67 da tsakiyar milimita 1.5, bakin zai sauko zuwa 4.3. Riba ta fito fili. To amma da za a bar shi a kan CR-39 ɗin, a zaɓar masa ƙaramin firam mai faɗin madubi milimita 40, bakin zai zama 4.4. Watau rage girman firam ya ba shi kusan abin da tsadadden madubi zai ba shi, ba tare da ya rasa tsabtar gani ba. Sirrin kuwa shi ne, kaurin baki yana hawa ne da murabba'in faɗi, idan faɗi ya ninka sau biyu ƙarin kaurin yakan ninka sau huɗu.

A ɗauki kuma mai diyofta 2. A wannan faɗin na milimita 50, idan kaurin tsakiya ɗaya ne, bambancin CR-39 da mai 1.67 bai wuce sulusin milimita ba. Wanda ya sayar wa irin wannan mutum madubi mai 1.67 ya karɓi kuɗinsa, ya rage masa lambar Abbe daga 58 zuwa 31, a madadin sirantar da ido ba zai ko lura da ita ba.

6.0 Daga Matakala Zuwa Gangare

Mai tsufan ido wanda kuma yake da matsalar ganin nesa yana bukatar ƙarfi biyu, na nesa da na karatu. Bambancin da ke tsakaninsu shi ake kira ƙari. Benjamin Franklin na Amurka ya bayyana a wata wasiƙa ta 1785 yadda ya sa aka yanka madubai biyu aka haɗa rabi da rabi a firam guda. Daga nan madubi mai hawa biyu ya samo asali. Yana da fili mai faɗi na nesa da fili mai faɗi na karatu, amma a tsakaninsu akwai layi, inda abin da ake kallo yakan yi tsalle. Daɗin daɗawa, idan ƙari ya kai diyofta 2, abin da ke tazarar tsawon hannu, kamar kan tebur ko fuskar kwamfuta, ba ya fita sosai ta sama ko ta ƙasa.

Idan mai hawa biyu matakala ce, ɗayan gangare ne, ƙarfinsa yana ƙaruwa sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa ba tare da layi ba. Owen Aves na Ingila ya yi rajistar irin wannan tunani a 1907, amma bai kai kasuwa ba. Wanda ya kai shi shi ne Bernard Maitenaz, injiniya Bafaranshe, wanda madubinsa mai suna Varilux ya fito a 1959, aka sake fasalinsa a 1972. Madubin yana da sashen nesa a sama, sashen karatu a ƙasa, da wani siririn lungu da ya haɗa su, inda ake ganin abin da ke tsaka-tsaki. A dama da hagu na lungun kuwa gani yakan yi dishi-dishi, abubuwa su riƙa yin kamar suna lilo idan an juya kai.

7.0 Ƙa'idar Minkwitz

Wasu sukan zaci wannan dishi-dishi kuskuren maƙera ne. A 1963 wani masanin lissafi na Jamus, Günter Minkwitz, ya tabbatar da cewa tilas ne. Ƙa'idarsa a taƙaice ita ce, duk adadin da ƙarfi yake ƙaruwa a kowace milimita ta saukar lungu, dishi-dishi yana ƙaruwa da ninkinsa biyu a kowace milimita da ido ya kauce gefe.

Alal misali, a ce ƙari diyofta 2 ne, tsawon lungu milimita 14, kuma an yarda cewa ido yana jure dishi-dishin rabin diyofta. Lissafi zai ba da lungu mai faɗin kimanin milimita 3.5. Idan aka gajarta lungun zuwa milimita 10 don ya shiga ƙaramin firam, faɗin zai koma 2.5. Idan kuwa ƙarin diyofta 1 ne a lungu mai 14, faɗin zai kai milimita 7. Daga nan darasi biyu suka fito. Na ɗaya, wanda ya fara sa irin wannan madubi tun ƙarinsa yana ƙarami ya fi saurin sabawa da shi. Na biyu, ƙaramin firam da ya taimaka wajen rage kauri shi ne kuma yake ƙuntata lungu. Taura biyu ba ta taunuwa.

8.0 Tsare-tsaren Madubi Mai Gangare

Tun da yake ba a iya kawar da dishi-dishi, abin da ya rage wa mai tsara madubi shi ne ya zaɓi inda zai ajiye shi.

8.1 Tsari mai tsauri. Yana tattara dishi-dishin a ɗan wuri, ya bar sashen nesa da na karatu da faɗi. Amma iyakar da ke tsakanin wuri mai kyau da marar kyau tana da kaifi, lungun kuma gajere ne. Ya fi dacewa da wanda ya saba da mai hawa biyu, da mai dogon karatu a zaune.

8.2 Tsari mai laushi. Yana baza dishi-dishin ya yi faɗi amma ya yi sauƙi, har ya ɗan taɓa gefen sashen nesa. Lilo yana raguwa, sabo yana zuwa da wuri, sai dai filin karatu ya ƙuntata. Ya fi dacewa da sabon shiga da mai yawan zirga-zirga.

8.3 Tsarin dama da hagu. Idanu sukan karkato wajen hanci lokacin karatu. Madubai na farko iri ɗaya ake yi wa idanu biyu, a ɗan juya kowane wajen hanci, sai ya zamana idan an kalli gefe ido ɗaya yana cikin wuri mai kyau ɗayan yana cikin dishi-dishi. Daga baya aka koma tsara na dama daban, na hagu daban.

8.4 Tsarin sassaƙar kwamfuta. A da, gangaren a fuskar gaba ake zuba shi a masana'anta. A 1997 kamfanin Seiko ya fito da madubi mai gangare a fuskar baya, kuma a 2000 kamfanonin Zeiss da Rodenstock suka fito da madubai da ake lissafa wa kowane mutum nasa. Fa'idar wannan ta fi bayyana ga mai ƙarfin madubi babba, ko wanda firam ɗinsa yake da lanƙwasa sosai. Ga mai ƙaramin ƙarfi da firam na yau da kullum, bambancin kaɗan ne. Ƙa'idar Minkwitz kuwa tana nan daram a kansu duka.

8.5 Tsarin wurin aiki. Wannan ya sadaukar da ganin nesa don ya faɗaɗa na kusa da na tsaka-tsaki. Ga tela, ko akawu, ko mai gyaran waya, sau da yawa ya fi kowane amfani. Ba a tuƙi da shi.

Akwai kuma wanda bai kamata a gaggauta ba shi mai gangare ko mai hawa biyu ba. Sashen ƙasa na madubin an yi shi ne don tazarar karatu, saboda haka ƙasa da bakin matakala sukan dushe. Wani bincike da aka yi a kan tsofaffi a birnin Sidni na Ostireliya, aka buga a 2002, ya gano cewa masu sa irin waɗannan madubai sun fi sauran faɗuwa fiye da ninki biyu. Dattijon da yake tafiya a hanya mai kwazazzabai ya fi samun aminci da tabarau na nesa zalla, ya ajiye na karatu a aljihu.

9.0 Awo

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan sana'a ƙima ba ta wadatarwa. An riga an ga cewa lungu yana iya zama milimita 3.5, watau ƙasa da milimita 2 a kowane gefe na tsakiyarsa. Kuskuren milimita 2 wajen awo ya isa ya fitar da ido daga lungun baki ɗaya, ko da kuwa madubin ya fi kowane tsada.

Saboda haka tilas a fara daidaita firam a fuskar mai shi kafin a auna komai. A auna tazarar tsakiyar baƙin kowane ido daga tsakiyar karan hanci daban-daban, domin fuskoki kaɗan ne gefensu biyu suke daidai. A auna tsayin kowane ido daga ƙasan firam, mai awo yana daidai da tsayin wanda ake aunawa. A tabbata firam yana da zurfin da tsarin yake bukata, galibi milimita 14 zuwa 18 daga baƙin ido zuwa ƙasa. A karkato ƙasan firam wajen kumatu da kimanin digiri 8 zuwa 12, a kuma matso da madubi kusa da ido gwargwadon hali, domin kusanci yana faɗaɗa fili. Idan mutum ya dawo da kuka, a nemi ɓoyayyun alamomi biyu da ke jikin madubin, masu tazarar milimita 34 a tsakaninsu, a sake zana tsakiyar, a duba ko ta faɗa kan ido, kafin a ɗora laifi a kan tsari ko a kan mai tabarau.

10.0 Kammalawa

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa rashin tabarau da ya dace shi ne kan gaba wajen haddasa raunin gani mai sauƙi da matsakaici, kuma bayan yanar ido, gilakoma ce ta biyu wajen makantarwa. Tabarau na karatu da ake sayarwa a kasuwa yana biyan bukatar wanda idanunsa biyu suke da ƙarfi ɗaya, amma ba ya gano gilakoma, wadda take cin gani a ɓoye. Don haka gwajin ido a shekara 40 wajibi ne ko da na kasuwa za a saya. Doka mai lamba 34 ta 1989 ta kafa hukumar rajistar masu gwajin ido da masu haɗa tabarau, kuma wanda aka yi wa rajista amana ce a wuyansa.

Wannan amana tana sauka ne a kan tambayoyin da yake yi kafin ya buɗe jerin farashi. Mene ne sana'ar wannan mutum, a wace tazara yake aiki, yana tuƙi ko ba ya yi, ido biyu gare shi ko ɗaya, nawa kuma zai iya biya ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba? Yaro da mai ido ɗaya, folikabonet ko Trivex. Mai ƙaramin ƙarfi, CR-39. Mai babban ƙarfi, ƙaramin firam tukuna, sa'an nan roba mai sirantawa. Mai gangare kuwa, sai ga wanda yake bukatar nesa da kusa a lokaci guda, kuma sai a hannun wanda zai auna shi da haƙuri. Tabarau da aka saya da tsada ya ƙare a cikin akwati asara biyu ce, kuɗi sun tafi, tela kuma har yanzu yana neman wanda zai zura masa zare.